Yadda Ake Fentin Ƙananan Sojojin Wasan Yaƙi na Kan Tebur

Sojan roba na wasan yaƙin kan tebur, irin na Warhammer 40,000 da kamfanin Games Workshop na birnin Nottingham a Ingila ya fito da shi a 1987, yawanci tsayinsa milimita 28 ne zuwa 32. Masu wasa kuma daga tsaye suke kallonsa, da tazarar kusan mita ɗaya. Daga can ba wanda zai hango ƙwayar idon soja. Duhu da haske kawai ake gani, don haka a nan ya kamata lokacinka ya tafi.

Da farko ka yanke sassan sojan daga firam ɗin robar da suke zuwa maƙale a jikinsa da ƙaramar filaya mai kaifi, ka ɗan bar tazara, sannan ka share ragowar da wuƙa. In ka yanka daf da jiki, robar kan yage ta bar rami. Akwai siririn layi da ke zagaye kowane sashe, inda ɓari biyu na mazubi suka haɗu. Ka kankare shi da bayan wuƙar. Wanda ya tsallake wannan, sai ya gama aiki ya ga layin ɓaro-ɓaro a tsakiyar hular kwano. Sojojin rezin (wani nau'in ƙaro da ake zubawa a mazubi ya daskare) da na ƙarfe a wanke su da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, saboda maiƙon da ake shafa wa mazubi yana hana fenti zama. Gam ɗin roba narkar da fuskokin biyu yake yi su haɗe, shi ya sa ba ya kama ƙarfe ko rezin. Su sai Super Glue.

Sai fentin share fage, wanda sauran fenti zai kama a jikinsa. Ka girgiza gwangwanin na minti biyu cur, ka riƙe shi da tazarar santimita 20 zuwa 30, ka fesa a guje kaɗan-kaɗan. Nan yanayi ke cutar mutane. A zafin bazara feshin yana bushewa a iska kafin ya isa, sai jikin sojan ya yi kaushi kamar sanfefa. Danshin damina ma haka yake yi. Ka fesa a inuwa da sassafe, ka fara gwadawa a kan ragowar firam, kuma lokacin hunturu ka kifa kwali a kansu saboda ƙura. Baƙi yana rufa asirin inda buroshi bai kai ba, fari yana sa launi ya fito tas amma ba ya ɓoye kuskure. Sabon hannu ya fara da baƙi ko ruwan toka.

Fentin akirilik ake amfani da shi, irin samfurin Citadel ko Vallejo, kuma ba a shafa shi kai tsaye daga kwalba. Ka ɗiga a faranti, ɗigo biyu na fenti da kamar ɗigo ɗaya na ruwa, har ya yi kaurin madara. Ka gwada a farcenka: in ya bar sawun gashin buroshi ya yi kauri, in ya taru ya zama ɗigo-ɗigo ya yi ruwa. Shafar farko za ta fito da dabbare-dabbare, kada ka damu, bar ta ta bushe ka sake ta biyu. Fenti mai kauri yana cike ƙananan zane, fuska ta koma kamar an mulmula ta, kuma ba gyara sai wankewa. Ruwan ɗorawa da fari su ne masu taurin kai, sai ka shimfiɗa musu ruwan ƙasa mai haske tukuna.

Don kada fenti ya bushe a faranti, nemi robar abinci mai murfi, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen soso, ka ɗora takardar gashin biredi, ka riƙa haɗa fentin a kanta. Buroshi mai lamba 1 ko 2 mai tsinin baki ya fi ɗan mitsitsin nan mai lamba 000, wanda fenti ke bushe masa a baki kafin ya kai jikin soja. Kada fenti ya kai gindin gashi inda ƙarfe ya riƙe, can yake daskarewa ya tarwatsa tsinin. Ka manna sojan a murfin kwalba ka riƙe, ka fara daga ciki zuwa waje: fata, tufafi, sulke, ɗamara. Sojoji biyar zuwa goma a lokaci ɗaya, launi ɗaya a kan duka.

Ruwan inuwa fenti ne tsararo mai gangarawa cikin loko ya zauna. A cikin na Citadel, Nuln Oil baƙi ne, na ƙarfe da bindiga. Agrax Earthshade ruwan ƙasa ne, na fata da yadi da itace. In ba a girgiza ba yakan bushe da sheƙi. Inda ya taru a wuri mai faɗi, ka tsotse shi da buroshi mai ɗan danshi nan take, don da zarar ya fara bushewa taɓa shi zai bar tabo mai zagaye. Ba shi minti 30 zuwa 45. Daga nan ka maido da launin farko a wuraren da suka taso, ka bar lokon da duhunsa, sannan ka ja launi mafi haske a gefuna da gefen buroshi. Ka ɗan zarce abin da kake gani ya isa, domin tazara tana cinye haske. Gashi da sarƙa kuwa busasshen buroshi suke so: ka goge fentin a takarda har ya kusa ƙarewa, ka kakkaɗa a kai. In ya yi kamar alli, fentin da ka bari ya yi yawa.

Gindin da sojan ke tsaye a kai, ka shafa farin gam na kafinta, ka tsoma a tankaɗaɗɗen yashi, ya kwana, sannan ruwan ƙasa mai duhu da busasshen buroshi mai haske.

Tuddai da kangon da ake jerawa a kan tebur a matsayin filin daga ana sassaƙa su da allon kumfar roba. Fentin feshi yana narkar da ita, don haka sai an lulluɓe ta da farin gam sau biyu, ko a yi fentin da buroshi kawai. Dunƙulen takardar alminiyam in ka danna a jiki yana ba da fuskar dutse. Fenti mai arha ya wadatar, launin kuma ya zama disashe don kada ya danne sojojin. Tudu a yi shi hawa-hawa, in ba haka ba soja zai riƙa gangarowa. Gindin da za a ɗora su a kai kuwa, kwali yana lanƙwashewa in gam ya bushe a gefe ɗaya, gara siririn katako.

A ƙarshe a shafa wa sojan banish marar sheƙi, wato rufin kariya da ba shi da launi, saboda hannu yana cin fenti. A ranar danshi yakan bushe fari kamar an barbaɗa gari, kuma sau da yawa shafa banish mai sheƙi a kai yana gyarawa. Sojan da fentinsa ya lalace gaba ɗaya a jiƙa shi cikin sifirit na aisofurofil ya kwana, a goge da buroshin haƙori. Asiton, ruwan da ake goge jan farce da shi, na sojan ƙarfe ne kaɗai, roba narkewa take a ciki.