Kurakurai wajen sa wa ƙwayoyin tushe alamar ƙarfe mai maganaɗisu

Ana ɗura wa ƙwayoyin tushe na ɗan Adam, wato ƙwayoyin jiki da ke iya rikiɗa su zama wasu nau'o'in ƙwayoyi, musamman waɗanda ake ciro wa daga ɓargo, ɓurɓushin ƙarfe ne domin a bi sawunsu da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI bayan an dasa su. Matsalar ita ce ƙarfen da ya manne a bayan ƙwaya da wanda ya shiga cikinta duk baƙi suke bayarwa a hoto, kuma galibin kurakuran daga nan suke tasowa.

Na farko shi ne zuba ƙarfen shi kaɗai. Tun da aka daina yin Feridex, ruwan ɓurɓushin ƙarfen da ake amfani da shi a da, yawancin ɗakunan gwaji sun koma ga ferumoksitol, wato Feraheme, wanda hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a 2009 don maganin ƙarancin jini. Ƙwayar tushe ba ta haɗiye shi sosai sai an haɗa shi da furotamin, wani sinadari mai cajin da ke kai shi jikin fatar ƙwayar. Haɗin da aka saba, a kowace mililita: hefarin (maganin hana daskarewar jini) yunit 2, furotamin maikurogiram 60, ferumoksitol maikurogiram 50.

Kuskure na biyu shi ne zuba haɗin cikin ruwan rainon ƙwayoyi mai siram, wato ruwan da ake tacewa daga jini. Sunadaran siram suna lulluɓe ɓurɓushin, shigarsa ta ragu. A fara da ruwan da ba siram na awa 2 zuwa 4, sannan a ƙara mai siram daidai yawan na farko, a bar su su kwana. Kada kuma a riƙa sauya jerin yadda ake zuba ukun, girman dunƙulen yana canzawa.

Wanki ne ake yi wa riƙon sakainar kashi. Kurkura ɗaya da PBS, ruwan gishirin wanke ƙwayoyi, ba ta isa. A wanke sau uku, da hefarin yunit 10 a kowace mililita, don ya ɓamɓare abin da ya manne a waje. Daga nan a ɗaga ƙwayoyin da tirifsin, sinadarin da ke ɓamɓare su daga faranti, a sake shuka su a sabon faranti kafin a yi rinin shuɗin Furushiya, wanda ke mayar da ƙarfe shuɗi. A madubin ƙara girma, ƙarfen da ya shiga yakan fito ɗigo-ɗigo kewaye da cibiyar ƙwaya. Idan ka ga manyan curi shuɗaye a kan ƙwayoyin ko a tsakaninsu, datti ne kawai. Ido ma ba ma'auni ba ne: a auna ƙarfen da sinadarin ferozin ko na'urar ICP, a raba da adadin ƙwayoyi, a samu fikogiram nawa ke cikin kowace.

Gwajin MTT, wanda ke auna rayuwar ƙwayoyi ta hanyar hasken da launinsa ke sha, yana yaudara, domin ƙarfen kansa yana shan haske. A ajiye rijiya, wato rami ɗaya na farantin gwaji, mai ɓurɓushi ba ƙwayoyi don kwatance, a kuma ƙirga masu rai da shuɗin tirifan, rinin da ke kama matattun ƙwayoyi kawai. Rai kaɗai bai wadatar ba. A gwada ko suna iya zama ƙashi, kitse da guringuntsi, musamman guringuntsin, don an taɓa ganin Feridex ya dakushe shi.

Bayan dashe, duk rabuwar ƙwaya tana raba ƙarfen gida biyu, alamar ta dusashe alhali ƙwayoyin na nan lafiya. Akasin haka ya fi muni: ƙwayar ta mutu, makurofaj, wato ƙwayar garkuwar jiki mai haɗiye matattun ƙwayoyi, ya cinye ta, baƙin ya ci gaba da fitowa makonni. Sai an yanka naman wurin an rina shi da alamar ƙwayar ɗan Adam da ta makurofaj, irin su CD68, kafin a san wa ke riƙe da ƙarfen.