Yadda na daidaita agogon gudu a motar da na haɗa

Motar da na haɗa da kayan kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, agogon gudunta ƙarya yake min. A titin Zariya yana nuna 80, GPS ɗin wayata na cewa 69. Na ɗora wa sansa (na'urar da ke ƙirga wa agogon zagayen taya) laifi, na sayo sabuwa, kuɗina suka tafi a banza.

Ashe lissafin taya ne. Na shata alli a taya da ƙasa, ƙanena ya tura motar har tayar ta yi zagaye goma (yana ta ƙunƙuni). Muka auna, mita 19.3, wato zagaye 518 a kilomita. Maganaɗisu huɗu na manna, kowane zagaye sansar na ƙirga huɗu: 2072 ke nan a kilomita. Agogon kuwa a ƙirga 1800 a kilomita aka saita shi. Na canza lambar, yanzu bakinsu ɗaya da wayar.