Babi na Bakwai: Bayan Gida da Lafiyar Ciki

Darasi na ɗaya

Iyayena da yayyena, kada kunya ta hana mu wannan karatu. Idan kun gama bahaya, ku duba kafin ku zuba ruwa. Wani sau uku yake zagayawa a rana, wani sau uku a mako, kuma duk lafiyarsu ƙalau. Abin lura shi ne, ya fita da laushi, ba nishi, ba ciwo. Kowa ya san yadda nasa ya saba. Idan ya sauya, aka yi makonni bai koma daidai ba, a je a ga likita.

Darasi na biyu: gudawa

Idan bayan gida ya zama ruwa-ruwa sau uku ko fiye a yini, gudawa ce. Abin da yake kashe mutum, musamman yaro, shi ne ƙarewar ruwan jiki. Idan akwai ƙullin ORS na kemis, wato garin da ake damawa don mayar da ruwan jiki, a juye shi duka cikin ruwa lita ɗaya. In babu, sai a haɗa ruwan gishiri da sukari.

A wanke hannu da sabulu. A sami ruwa mai tsabta lita ɗaya, wato ledar fiya wata biyu. A zuba sukari cokali 6, ƙaramin cokalin shayi, ba na cin shinkafa ba. Sai gishiri, RABIN cokali.

A nan ake tuntuɓe, don haka mu tsaya. Sukari shida, gishiri rabi. Ku faɗa da baki. Ku rubuta a littafinku: gishiri rabi. Kada a yi wa cokalin tozo, a shafe samansa da yatsa. Wanda ya rikice ya sake, ba laifi, sannu a hankali za a iya. Gishiri nawa? Rabi. A ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri.

Na sha ganin an juya lissafin nan a aji bayan na maimaita har muryata ta dushe. Haba jama'a! Gishiri in ya yi yawa cutar da yaro yake yi. Ba miya ake kaɗawa ba da za a ce a ɗiba da ka. Rabin cokali.

A riƙa ba mai gudawar ruwan nan kaɗan-kaɗan, mai shan nono kuma a ci gaba da ba shi nono. Abin da ya kwana ya yini, a zubar a haɗa sabo. Idan ana amai, zawon kuma kamar ruwan wankin shinkafa, alamar kwalara ce, a garzaya Asibitin Zana da ke Kano ko asibiti mafi kusa, ana ba shi ruwan a hanya.

Darasi na uku: jini

Ba kowane jini ne basir ba, ko me mai lasifika ya faɗa a bakin kasuwa. Jini da majina na iya zama atini. Baƙi ƙirin kamar kwalta na iya nuna gyambon ciki yana zubar da jini, ko da yake maganin ƙarin jini ma yana baƙanta shi. A Kano, a je Asibitin Murtala, yara kuma asibitin yara na Hasiya Bayero.

Darasi na huɗu: taurin bayan gida

A sha ruwa sosai. A ci zogale, rama, wake da gwanda. Idan ya matsa, kada a riƙe.