Yadda Za a Daidaita Rautar Gida Domin Kyamara da Fitilu Masu Wi-Fi Su Daina Yankewa

Idan kyamarar tsaro da ke bakin ƙofa ta daina nuna hoto a waya, ko kwan fitilar da ake kunnawa da manhaja ya ƙi amsa umarni, galibin mutane sukan ɗora laifin a kan kamfanin da ke ba su intanet, ko kuma su yanke hukuncin cewa jabun kaya aka sayar musu. Sau da yawa ba daga can matsalar take ba. A cikin gida take, tsakanin rauta, wato akwatin da ke watsa Wi-Fi, da ita na'urar, kuma ana iya gano ta idan aka bi abubuwa ɗaya bayan ɗaya, aka fara da wutar lantarki, sannan zangon Wi-Fi da na'urar ke amfani da shi, sannan adireshinta, daga ƙarshe kuma nisan da ke tsakaninsu.

Kafin a taɓa komai, sai a fara rarrabe ko intanet ce ta ɗauke ko kuwa Wi-Fi ne ya yanke, domin abubuwa biyu ne daban. A haɗa waya da Wi-Fi na gidan, a kashe datar layin waya, sannan a buɗe kowane shafi. Idan ya buɗe, to intanet na nan, kuma abin da ya rage shi ne a duba ko rautar tana ganin na'urar. Ana yin haka ta shiga shafin saitin rauta, wanda adireshinsa yakan kasance 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, a yawancin na kamfanin Huawei masu ɗaukar layin waya kuwa 192.168.8.1, kuma a rubuce yake a jikin takardar da ke manne a ƙasan rautar. A can akwai jerin duk na'urorin da ke haɗe a lokacin. Idan kyamarar tana cikin jerin amma manhaja na cewa ba ta kan layi, to tsakaninta da rumbun bayanai na intanet na kamfanin da ya ƙera ta ne aka samu tangarɗa, kuma kashe ta a sake kunnawa ko ɗan jira yakan wadatar. Idan kuwa ba ta cikin jerin, aikin na cikin gida ne. Abu guda da ya kamata a guje wa a wannan mataki shi ne tsokana ƙaramin ramin nan na bayan rauta da allura, saboda hakan yana goge duk saitin, ya mayar da sunan Wi-Fi da kalmar sirri yadda suka fito daga kamfani, sai na'urorin da dā suke aiki lafiya su ma su yanke.

A gidajen da ake yawan ɗauke wuta, nan ne tushen matsalar ya fi kasancewa. Idan wuta ta dawo, ko aka juya daga wutar gwamnati zuwa janareta, soket ko kwan fitila mai Wi-Fi yakan farka cikin 'yan daƙiƙoƙi, amma rauta tana buƙatar minti ɗaya ko biyu kafin ta gama tashi, mai ɗaukar layin waya kuma sai ta ƙara da neman sabis. Na'urar da aka tsara da kyau za ta ci gaba da nema har ta samu, amma akwai masu araha da ke gwadawa na ɗan lokaci, idan ba su samu ba su haƙura, ko su koma yanayin jiran sabon haɗi. Akwai kuma wani abin da ya fi wannan ban haushi. Yawancin ƙwayayen fitila masu aiki da manhajar Tuya ko Smart Life an tsara su ne ta yadda idan aka kashe aka kunna su sau uku a jere za su manta da Wi-Fi ɗin da suka sani, su fara walƙiya da sauri suna jiran a sake haɗa su. Wutar da ke zuwa tana ɗaukewa a jere, ko janaretan da ke shaƙewa kafin ya daidaita, na iya yin daidai wannan aikin ba tare da kowa ya taɓa makunni ba. Wanda ya shigo ɗaki ya tarar da kwan yana ta ƙyafƙyaf bayan dawowar wuta, ya sani cewa kwan bai lalace ba, sake haɗawa kawai yake bukata.

Maganin da ya fi dacewa shi ne kada rautar ta riƙa mutuwa sam. Idan akwai inbata ko sola a gidan, a ɗora ta a kan layinsu, tunda wutar da take ci kaɗan ce ƙwarai. Idan babu, akwai ƙananan batura da ake sayarwa musamman domin rauta, waɗanda ake sa wa tsakaninta da soket, su riƙe ta na wasu sa'o'i. Wajen sayen irin wannan sai a karanta abin da ke rubuce a jikin adaftar rautar, domin yawancinsu bolt 12 ne, wasu kuma 9 ko 5, kuma ba wa mai 9 wutar 12 na iya ƙona ta. Ita kanta adaftar abin zargi ce idan rauta ta fara kashe kanta tana sake tashi ba dalili, musamman wadda ta shekara biyu ko uku tana shan wuta mai hawa da sauka. A ganina, kafin mutum ya kashe kuɗi a kan sabuwar rauta, ya fara gwada wata adaftar mai bolt iri ɗaya da ƙarfin amfiya daidai ko fiye da na tsohuwar.

Zafi ma na da nasa rabon. Yawancin rautocin gida an ƙayyade musu yin aiki ne tsakanin digiri 0 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyos, alhali a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai zafin watan Afrilu yakan haura 40, balle a ɗakin da ke ƙarƙashin rufin kwano. Rautar da ke aiki lafiya da safe ta riƙa yankewa da azahar, a taɓa jikinta a ji. Kada a ajiye ta a kan dikoda ko bayan talabijin, kada kuma a lulluɓe ta da mayafi don gudun ƙura. Gara a bar ta a sarari, a riƙa kakkaɓe ramukan iskarta, musamman bayan hunturu.

Idan wuta ta daidaita amma na'ura ta ƙi haɗuwa tun farko, sai a koma kan zango. Rautocin yanzu suna watsa Wi-Fi a zango biyu, na 2.4 GHz da na 5 GHz. Na 5 ya fi sauri amma ba ya nisa kuma bango na rage masa ƙarfi sosai, na 2.4 kuwa ya fi ratsa gini. Mafi yawan soket da ƙwayayen fitila da kyamarori masu sauƙin kuɗi na 2.4 kaɗai suka sani, saboda ƙananan kwakwalwan da ke cikinsu, irin su ESP8266 na kamfanin Espressif, ba su da na 5 ko kaɗan. Rikicin yana tasowa ne idan rauta ta haɗe zangon biyu ƙarƙashin suna ɗaya, abin da a shafin saiti akan rubuta Smart Connect ko Band Steering: waya tana kan 5, manhaja na ƙoƙarin miƙa wa na'urar bayanin haɗi, sai abin ya tsaya a rabi. A kashe wannan zaɓin, a ba kowane zango sunansa, a hau da wayar kan na 2.4, sannan a sake gwadawa. Masu amfani da Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam wanda ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023, su ma suna iya raba zangon biyu daga cikin manhajarsa. A lokacin haɗawa yana da kyau a kashe VPN da datar waya, a kunna Bluetooth, a kuma ba manhajar izinin sanin wuri, domin wayoyin Android ba sa barin manhaja ta karanta sunan Wi-Fi sai da wannan izinin.

A shafin saitin rautar dai akwai saiti biyu da suka cancanci a duba. Na farko shi ne nau'in tsaro. An fito da WPA3 a 2018, kuma ya fi WPA2 ƙarfi, amma tsofaffin na'urori da masu araha da yawa ba su san shi ba, wasu ma sukan rikice ko da an zaɓi gaurayen biyun, saboda haka a zangon 2.4 a tsaya a kan WPA2 da AES. Na biyu shi ne tasha. A zangon 2.4 tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, kuma ya fi kyau a zaɓi ɗaya daga cikinsu da hannu, a sa faɗin a kan 20 MHz, maimakon a bar rauta tana sauyawa da kanta. Idan aka bar ta, takan iya komawa tasha ta 12 ko 13, waɗanda na'urorin da aka ƙera domin kasuwar Amurka ba sa gani, sai mutum ya rasa dalilin da ya sa kyamarar da aka aiko masa daga can take ɓacewa wata rana ta dawo wata rana. A unguwar da gidaje suka cunkushe, ana iya amfani da manhajar auna Wi-Fi a ga tashar da maƙwabta suka fi taruwa a kai, a kauce mata. Sunan Wi-Fi kuma a rubuta shi da haruffa da lambobi na gama-gari, ba tare da ƙ ko ɗ ko wata alama ta ado ba, saboda ƙananan na'urori ba duka ne ke iya karanta su ba.

Daga nan sai batun yawa da adireshi. Ƙananan na'urorin aljihu da ake kira MiFi suna da iyakar abin da za su ɗauka, wasu goma, wasu sha shida, kuma a gidan da ke da iyali, wayoyi da talabijin da kwamfuta kaɗai na iya cike gurbin. Idan gurbi ya cika, wanda ya zo daga baya a waje zai tsaya, kuma sau da yawa kyamara ce ke rasa wuri bayan an ɗauke wuta an dawo. MiFi ba a yi ta domin riƙe gida ba. Wanda ke da na'urori fiye da goma ya nemi rautar tebur. Ita kuma rauta tana ba kowace na'ura aron adireshin IP na wani ƙayyadadden lokaci ta hanyar DHCP, kuma adireshin na iya sauyawa bayan an sake kunnawa. Ga kyamarori da firinta da akwatin da ke adana hotunan kyamara, a shiga sashen DHCP a keɓe wa kowanne adireshi na dindindin, abin da akan rubuta Address Reservation. A kuma lura da Wi-Fi na baƙi, wato Guest, wanda yakan hana na'urorin da ke kansa ganin juna, ta yadda waya ba za ta iya tura bidiyo zuwa na'urar Chromecast da ake sokawa a talabijin ba ko da dukansu suna da intanet.

Nisa shi ne abin da aka fi rainawa, domin mutum yakan tsaya a bakin ƙofa ya ga wayarsa na da sanda biyu, ya ɗauka kyamara ma za ta samu, alhali eriyar waya ta fi ta ƙananan na'urori ƙarfi. Manhajoji da yawa suna nuna ƙarfin siginar da na'urar ke samu da lamba mai alamar ragi. Daga -50 zuwa -65 lafiya lau ne, idan ya kai -70 an fara shiga haɗari, a -80 kuwa yankewa ta zama dole. Bangon bulo da siminti, da rufin kankare da aka zuba da rodi, da ƙofar ƙarfe, da tankin ruwa duk suna cinye sigina, na'urar ɗumama abinci kuma tana aiki ne a kusa da 2.45 GHz, don haka tana iya dagula Wi-Fi muddin tana kunne. A ɗaga rauta sama, a sa ta kusa da tsakiyar gida, a miƙe eriyoyinta tsaye. A gida mai sassa da yawa, inda ɓangaren maigida yake gaba, na iyali kuma yake ciki bayan tsakar gida, rauta ɗaya ba za ta wadatar ba. Na'urar faɗaɗa sigina da ake sokawa a bango tana taimakawa kaɗan, amma tana rage sauri kusan rabi, kuma idan aka sa ta inda siginar ta riga ta raunana, raunin za ta maimaita. Abin da ya fi inganci shi ne a ja wayar Ethernet, wadda ke kai mita 100 ba tare da matsala ba, zuwa rauta ta biyu a ɗaya sashen. Kyamarar ƙofar waje ma, idan da hali, a sayi mai PoE, wadda waya ɗaya ke kai mata wuta da intanet tare.

Wanda yake shirin ƙara fitilu da soket da yawa ya yi tunanin Zigbee, tsarin da fitilun Philips Hue ke amfani da shi, inda na'urorin ke magana da wata ƙaramar cibiya, ita kaɗai ce ke haɗe da rauta, sai nauyin ya ragu, kuma da yawa daga cikinsu suna ci gaba da aiki a cikin gida ko da data ta ƙare. Tsarin Matter da aka ƙaddamar a ƙarshen 2022 shi ma an gina shi ne a kan sarrafa na'urori daga cikin gida ba tare da dogaro da rumbun kamfani ba.

A riƙa duba sabuntawar manhajar cikin rauta lokaci zuwa lokaci, amma kada a fara sabuntawar sai rautar na kan batir ko inbata, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya kashe ta gaba ɗaya. A kuma canja kalmar sirrin shafin saiti da ta kyamarori daga wadda suka zo da ita, tunda da irin waɗannan kalmomin na kamfani ne manhajar kutse ta Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci a 2016. Idan bayan duk wannan ta tabbata rautar ce ta gaji, a sayi sabuwa, amma kafin a cire tsohuwar a rubuta sunan Wi-Fi da kalmar sirrinta daidai yadda suke, har da manya da ƙananan haruffa, a sa wa sabuwar su. Na'urorin gidan za su hau kanta da kansu, ba sai an kafa tsani an sauko da kowace kyamara an sake haɗa ta ba.