Gidan da ya ƙi sayuwa: yadda muka rabu da namu na Badariya

Wata 14 gidan mahaifinmu da ke Badariya, a Birnin Kebbi, ya yi a bakin dillalai. Allah ya jiƙan Baba, mu tara ya bari, ga iyayenmu mata biyu. Gida ɗaya ba ya tsaguwa haka, sai aka ce a sayar a raba kuɗi, aka ɗora mini wakilci tunda ni ne babba. Na sa shi kasuwa a Janairun 2023, lokacin da canjin kuɗi ya sa mai miliyoyi a banki yana bin layi neman dubu biyu. Na ce laifin canji ne. Kuɗi suka dawo hannun mutane, gida na nan. Damina ta zo ta wuce, gida na nan.

In naka ma haka ya yi, fara da neman abin da masu dubawa ke faɗi bayan sun fita. A gabanka kowa "Masha Allah, za mu yi shawara" zai ce. Maganar gaskiya a bayan mashin ɗin dillali ake yin ta. Ni sai da na zaunar da wani tsohon dillali wurin mai shayi, na ce, "Baba, don girman Allah, me ke korar mutane?" Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ɗana, wanga gida ba shi da laihi. Dillali bakwai ka ba, kowa da kuɗin da shika faɗi."

Ashe ni miliyan 18 na ce, wani yana cewa 20, wani 22, kowa ya ɗora nasa a kai. Mai saye ya ji kuɗi uku a gida ɗaya, sai ya ce akwai lauje cikin naɗi. Gida kuwa in ya daɗe ana tallarsa, surutu yake ja. Namu har an fara cewa ana jin motsi a zaure da dare, alhali jemagu ne.

Don haka janye shi daga kasuwa tukuna. Ni wata biyu na yi ina cewa mun fasa. Da za ka mayar, ba wa dillali ɗaya, in ya yi yawa biyu. Ku yanke la'adarsa a gaban shaidu, a rubuta, kuɗin gida ya zama ɗaya a bakin kowa, ka kuma ba shi wa'adi, misali wata uku.

Sai maganar kuɗi, inda zuciya ta fi ciwo. Mai saye ba ruwansa da cewa a ɗakin nan aka haife ka. Ba ruwansa da tsadar siminti ta yau, shi tsohon bulo yake gani. Kada ka yi awo da abin da maƙwabta ke nema a nasu, yi da abin da aka sallama. Mai unguwa ya sani, don shi ake kira shaida. Tambaye shi gida uku da aka sayar kusa da kai cikin shekarar. Ga kuma wata alama: in mutum goma sun duba ba wanda ya taya, kuɗinka ne ya firgita su. In kuwa suna tayawa kuma duk tayin na faɗawa wuri ɗaya, to kasuwa ce ke yi maka magana. Ni an taya 15, an taya 16, ina ta "albarka" kamar mai sayar da ragon layya da sauran wata guda.

Takardu su ne suka fi cin lokacina. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen jiha a hannun gwamna, kuma gidan da ke da satifiket ba a sauya masa suna sai da amincewarsa. Mu abin da Baba ya bari a ƙasan akwati takardar ciniki ce da ta koma ruwan ƙasa, tun Birnin Kebbi na cikin jihar Sakkwato, kafin a yanke Kebbi a 1991. Ɗan kasuwa zai iya haƙuri da wannan, amma ma'aikacin da zai ci bashi ya saya ba zai ko kalle ta ba. Je ma'aikatar filaye da kanka, a duba ko gidan na da fayil, ko akwai bashin harajin ƙasa, ko an taɓa jinginar da shi. Kada ka bari mai saye ya riga ka ganowa.

In gidan gado ne, abin da mai saye ya fi tsoro shi ne bayan ya biya wata 'yar'uwa ta taso daga Jega ta ce ita ba ta sallama ba. Tsoronsa kuwa da hujja, don a mazhabar Malikiyya wanda ke tarayya da kai a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufa'a, wato ya karɓi kason da aka sayar a kan kuɗin da aka biya. Fara yi wa 'yan'uwa tayi, ko akwai mai so. In babu, ku je kotun shari'a gaba ɗaya, mata da maza, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, a ba ka takardar wakilci. Tun da na soma nuna wannan takarda fuskar masu dubawa ta sake.

Gyara kuwa kaɗan ya isa. Ranar da na shiga gidan da idon baƙo na ji kunya: warin kashin jemage tun daga zaure, tabon yoyo a silin ɗin falo, kwata ta toshe da ledoji, tsohuwar katifa jingine da bangon madafa. Na canja kwano huɗu, aka kwashe shadda, aka share, aka yi fenti, na biya bashin wuta. Kada ka sa tayil ko sabon ƙyaure, ba za su dawo maka da kuɗinsu ba. Kuma kada ka shafe tsagar bango da fenti ka yi shiru. Ɓoye aibi haramun ne, mai saye na da ikon mayar maka da kayanka. Layinmu ruwa na kwanciya a watan Agusta, kowa ya zo sai na faɗa masa.

In da ɗan haya a ciki, ka sallame shi da mutunci, ka ba shi lokacin neman wani wuri. Namu, tunda ba ya son tashi, duk wanda ya zo sai ya raka shi bakin rijiya ya ce, "Ruwan dai da ɗan gishiri." Ka kuma ce wa mai saye ya zo da maiɗakinsa. Ita ce za ta duba ruwa da madafa da wurin shanya, kuma sau da yawa a bakinta ciniki ke faɗawa.

Lura da lokacin da kuɗi ke yawo. A nan Kebbi bayan an yanke shinkafa ne, ta damina da ta rani. Aika hoto da ɗan bidiyo da ka ɗauka da hantsi zuwa ga 'yan garinku da ke Abuja da Legas ta WhatsApp, ka sa a faɗa wa ma'aikatan jami'ar tarayya da ke Kalgo da na kwalejin Waziri Umaru. Ka buɗe ƙofar biya kashi biyu, ko musaya da fili a yi maka ciko, amma takardun asali su zauna hannunka sai an cika. Kuɗi ta banki, a gaban shaidu.

Wanda ya saya a ƙarshe ɗan maƙwabcinmu ne, mai harkar shinkafa, gida uku tsakaninmu. Tun farko yana so, ya ji an ce 22 ya ja bakinsa ya yi shiru. Mai unguwa ne ya haɗa mu bayan sallar la'asar, na sallama a miliyan 16 da rabi, a Maris ɗin 2024, ana saura kwanaki a ɗauki azumi. Ranar miƙa makulli Inna ta ce ita dai a ciro mata turminta da ke bayan madafa, wanda gara ta riga ta cinye gindinsa. A bayan mota muka ɗaure shi da igiya.