Ruwan tuffa na gida: kurakuran da ke tara guiɓi a gindin gora

Uwargidan da ta saba haɗa zoɓo da kunun aya a Agege ko Idi-Araba, ranar da ta gwada ruwan tuffa takan sha mamaki. An tace, an ɗura a gora, kashegari sai ga guiɓi ruwan ƙasa ya kwanta, kauri kamar yatsa. Ba ya cutarwa, naman tuffar ne, amma mai saye ido yake fara ba wa haƙƙinsa.

Tun daga kasuwa ake fara kuskure. Yawancin tuffar da ke Legas daga waje take zuwa, musamman Afirka ta Kudu, ta daɗe a ɗakin sanyi. Wadda ake karyar da kuɗinta a kasuwar Mile 12 don ta yi laushi, in kin gatsa sai ki ji gari-gari, ita ce uwar guiɓi. Ki latsa da babban yatsa, in ta lotsa ki bar musu abarsu.

Sai blanda. Ana markaɗa tuffa har ta zama kunu, alhali irin wannan laushin ba ƙyallen tatar da zai tare shi. Ki goga ta a magogi, ko ki kunna blandar ki kashe sau kaɗan. Wajen tata kuma kada a murɗe ƙyallen da ƙarfin tsiya don kar a yi asarar ɗigo ɗaya. Matsar ƙarshen nan ita ke turo naman. A fara da rariya, sannan ƙyalle ninki biyu, a rataye shi ya ɗiga da kansa.

Babban kuskuren dai shi ne ɗurawa nan take. Yadda ake barin gasara ta kwanta kafin a tsiyaye ruwan sama, haka shi ma yake so, awa 24 zuwa 48. Amma a firiji, ba a kan tebur ba. Akwai yis a jikin ɓawon tuffa, ga sukari, ga zafin Legas da ke kai wa digiri 30. Cikin kwana ɗaya ko biyu zai fara kumfa, kumfar ta riƙa tayar da abin da ya kwanta, kuma abin da ya fi wannan muni, ya kama hanyar zama giya. In ba ki da tabbacin wuta, sa shi a kula mai ƙanƙara ya wadatar, ko ki rage yawan da kike yi.

Idan ya kwanta, kada ki karkata robar ki juye. Ki ɗora ta a tebur, ki sa siririn tiyo mai tsabta ki janye ruwan sama zuwa wani mazubi a ƙasa, bakin tiyon bai taɓa gindi ba. Sauran na ƙasa a ba yara su sha.

Wasu kan tafasa shi da fari wai don ya washe. Akasin haka ke faruwa, domin zafi na kama sinadarin fektin, wani abu mai danƙo da ke cikin tuffa, duhun ya zauna daram. Sai bayan an janye ake ɗumama shi zuwa kamar digiri 71 don kashe ƙwayoyin cuta, ba tare da ya tafasa ba. Masu sana'a kan zuba garin fektinas kafin nan, ya narkar da fektin ɗin. Akwai kuma masu washe shi da jelatin, garin da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, sai dai da yawansa daga alade ake yi, don haka ki duba tambarin halal kafin ki saya.