Kafin ka yi wa a-kori-kura lodi

Buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, nan aka rubuta iyakar nauyin da motar za ta ɗauka. Abin da ya taɓa ruɗa ni, adadin ya haɗa har da direba da yaran mota. In kilo 1,000 ne, mu uku a gaba mun riga mun cinye kusan 200.

Bayan lodi ka hau da motar kan sikeli, ban da kirdado. Ni sai da na ga bayan motata ya durƙushe, birki yana gardama, sannan na sauke rabi.

In aka kama ka da lodin da ya wuce iyaka, tara ce. In kuwa ka buge wani, da wannan takardar lauyansa zai iya kafa hujjar sakaci, inshora ma na iya jan ƙafa wajen biya.